Ɗan Hanjin da Aka Binne a Guci

Ku matso nan, ku masu fararen riguna, ku ɗan kife wayoyin nan ku ji wata magana. Shekaran jiya jikata Hadiza, wadda ke aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ta ce mini wai yanzu akwai rinin da ake ɗiga wa naman mutum, ya ƙetare duk lafiyayyen wuri ya tafi ya kama inda sankara ta soma kaɗai. Ta ce, "Kaka, ai aikin ya zama wasa, na'ura ke yin rabinsa." Na ce madalla, Allah ya ƙara sani. Amma kafin rini ya kama nama, ai sai naman ya isa wurin rinin tukuna. A nan ne aka kusa rasa Mamman na Guci, kuma da hannuna.

Ni ɗan marina ne. Babana karofi gare shi, wurin ramukan rini, a Magariya, a bakinsa na tashi, aji uku kawai na yi a lakwal, makarantar boko, na koma riƙe muciyar rini. Ina da mata da 'ya'ya biyu ranar da Majo Sale, babban ma'aikacin jinya na asibitinmu, ya kawo riga a rina masa. Ya same ni ina gardama da yayana, ina cewa ramin nan ya mutu, kumfarsa ta faɗa mini. Aka tsoma ƙyalle, ya fito fari-fari. Majo ya dube ni ya ce, "Kai, idon nan naka ɓata shi kake yi a kan rawunan mutane. Zo gobe." Abin da ya sa na yarda guda ne: asibitin kusa da gidana yake. Ina iya cin tuwon rana a ɗakina in koma. Ni mutum ne wanda ko Dungas ban taɓa kwana ba. Matata Zulai takan ce da ana sayar da ni, da ƙofar gida za a haɗa.

Aikin farko da Majo ya ba ni, wankin lamu. Lamu wani ɗan gilashi ne siriri, tsawon yatsa, a kansa ake shafa jini ko majina a rina a duba a madubin likita. Wata uku ban taɓa kwalbar rini ba. In wanke da sabulu, in ɗauraye, in tsoma a alkol, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, in goge da tsohon farin ƙyalle, in riƙe ta gefe. Majo ya ɗaga ta a taga, in ya ga tabon yatsa ko ɗaya sai ya mayar da duka tulin cikin ruwa. "Marini," haka yake kirana, "nan ba zanen amarya kake rinawa ba da za a ɓoye tabo a cikin ninki. Tabon yatsanka zai iya sa a ce mai lafiya ba shi da lafiya."

Majinar mai tari ita ce ta koya mini haƙuri. A shafa ta siriri, a bar ta ta bushe, a zuba jan rini ya rufe lamun, a kawo 'yar wuta ta ƙarƙashi har tururi ya tashi. Tururi fa, ba tafasa ba. In ya tafasa ka ɓata. Sau uku. Sannan a wanke da ruwa mai tsami har jan ya saki komai, a bi da shuɗi. Duk abin da ya ƙi sakin jan nan, ya tsaya kamar guntun jan zare a cikin shuɗi, shi ne ƙwayar tarin fuka. Majo da agogo yake aiki, ni da ido da hanci. Madubinmu kuwa ba lantarki, hasken rana yake sha, saboda haka da hantsi muke dubawa a tagar gabas, in hadari ya taso sai a jira.

Shekarar farin nan da ya ci dabbobi, ita ce mugunyar shekarata a aiki. Rijiyoyi suka ja baya, ruwan ya koma laka, in ka haɗa rini da shi sai ya yi gudaji a kan jini, ka rasa ƙwayar zazzaɓi ka rasa datti. Na riƙa tace ruwa da tsohon rawanin babana sau uku, in dafa, in bar shi ya kwana. Sabbin lamu suka daina zuwa. Waɗanda muke da su muka wanke muka sake wankewa har suka yi zane kamar fuskar tsohon Bagobiri. Ga mutane cike da tsakar asibiti, ƙyanda da gudawa. Ban zauna ba shekarar nan, a tsaye nake cin abinci.

Akwai kuma wani aiki da ba wanda ya ɗora mini, ni na ɗora wa kaina. Kun san a wurinmu abin da ya fito daga jikin ɗan Adam ba a yar da shi. Mabiyiya binne ta ake yi, cibiya haka, yatsa in ya guntule haka. To in an yi wa mutum aiki aka cire wani abu, sai in karɓa, in wanke, in naɗe a farin ƙyalle in miƙa wa danginsa su sa a ƙasa. Likita ya sani, Majo ya sani, ba wanda ya taɓa hana ni. Mutane kuwa har albarka suke sa mini.

A bazarar da ta biyo bayan farin aka kawo Mamman a amalanke daga Guci. Magidanci ne, manomi mai 'yan shanu, ko da yake farin ya bar masa biyu kacal. Ciwo a dama ƙasan cibiya, ga amai. Likita ya ce apandisit ne, wato ɗan wutsiyar hanjin nan ya kumbura. Aka shiga da shi da safe. Abin da aka saba cirewa bai wuce ƙaramin yatsa ba. Na Mamman ya kai ƙwan agwagwa, a cike tam, gindinsa da tauri, inda aka ɗan tsaga kuwa wani abu mai yauƙi ke fitowa kamar miyar kuɓewa. Likita da kansa ya sa shi a kwalba, ya cika ta da formol, ruwan nan mai hawa ido da ke hana nama ruɓewa. Ya manna takarda ya yi rubutu da Faransanci, irin rubutun likitoci da ko Majo sai ya karkata kai. Suka yi magana su biyu. Da la'asar Majo ya fita ƙauyukan Bande yin lambar rigakafin ƙyanda. Kwana biyu bayan nan aka kira Likita Damagaram. Majo ya ɗauka Likita ya gaya mini, Likita ya ɗauka Majo ya gaya mini. Kwalba dai tana kan kanta, ina wucewa ina ganinta.

Rana ta huɗu yayan Mamman, Malam Habu, ya yi sallama a ƙofar labo. Dogo ne, mai magana a hankali, carbi a hannu.

"Malam, an ce kai ke ba da abin da aka cire."

"Ni ne. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, har ya sha kunu. Gida zan koma in ga shanu. Tsohuwarmu ta ce kada in dawo mata ba tare da abin ɗanta ba." Ya hango kwalbar. "Subhanallahi. Shi ne wancan? Kwana huɗu a rataye kamar tsimi? Haba Malam. Ai jikin Musulmi ne."

Kunya ta kama ni. Na ce a raina mantawa aka yi saboda yawan aiki. Na tsame shi, ya yi tauri kamar ganda, na ɗauraye, na naɗe a farin ƙyalle ninki uku, na miƙa masa da hannu biyu. Har kwalbar na wanke tas na kife, don kwalba tsada gare ta shekarar nan.

Bayan kwana biyu Majo ya dawo, ƙura har gira. Bai ko sha ruwa ba ya dubi kanta.

"Marini, ina kwalbar?"

"Ga ta nan a kife, na wanke."

"Abin ciki fa?"

"Na ba masu shi."

Majo mutum ne mai faɗa, amma ranar bai yi faɗa ba. Zama ya yi a kan akwatin lamu ya cire hula. Ya ce, "Zauna in gaya maka abin da ka bayar." Ban iya zama ba, a tsaye na ji.

Ya ce abin nan tafiya zai yi. Daga nan Damagaram, daga can Yamai, daga Yamai jirgi ya kai shi wani babban labo a bakin teku. A can za a zuba shi a cikin kaki ya daskare, a yanka shi da wata wuƙa siriri fiye da ɓawon albasa, a ɗora a lamu irin tamu. A rina da rini biyu, ɗaya ya kama ƙwayoyin nama, ɗaya ya kama jikinsa. A ƙara na uku wanda yauƙin nan kaɗai yake kamawa, don a ga inda ya bi. Ya ce lafiyayyen nama a madubi jere yake kamar kunyoyin gero. In sankara ta shiga, sai ka ga shuka ta hau shuka, ta ƙetare iyakar gona. Babban abin da za su duba shi ne gindin, daidai inda wuƙar Likita ta bi. In can da tsabta, Mamman ya gama. In abin ya kai can, to saura na cikinsa, dole a sake buɗe shi a yanke wani yanki na hanjin tun bai yaɗu ba.

"In babu naman fa?" na ce.

"Sai Likita ya yi canke. Ko ya yanke rabin hanjin mai lafiya a banza, a shekarar da ko jinin ƙari ba mu da shi, ko ya sallame shi da mutuwa a ciki. Wanne ka zaɓar masa?"

Na yi ta kai da kawowa tsakanin taga da ƙofa. Can ya ɗago. "Tsaya. Kwana nawa ya yi a formol?"

"Huɗu."

"Huɗu cur?"

"Har ya yi tauri kamar ganda."

Ya mayar da hularsa. "To ƙasa ba za ta ci shi da wuri ba, balle busasshen rairayin bana. Gobe kasuwar Guci. Ka bi kamyo, babbar motar 'yan kasuwa."

"Ni? Majo, ni fa ban san hanya ba."

"Hannun da ya bayar shi zai karɓo."

Zulai ta ɗaura mini ƙuli-ƙuli a ƙyalle tana dariya. "Yau kazar gida za ta ga daji. In ka ɓata ka ce a kai ka wurin Zulai." Na hau bayan kamyo da kwalbar formol a cikin jakar fata, na rungume ta a ƙirji. Sau biyu muka kafe a rairayi, muka sauka muka tura. Ko'ina ƙasusuwan shanu a gefen hanya. Duk tsayawar da aka yi sai in ji kamar in sauka in ci gaba da ƙafa.

Bayan azahar na sami gidan. Malam Habu ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ina ta murza jaka. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ajiye carbinsa.

"A tono? Abin da muka sa a ƙasa da bismilla?"

"Malam, kuskurena ne. Ba na bayarwa ba ne."

"Kai ka naɗe shi da hannunka. Yanzu ka zo ka ce a buɗe ƙasa. Ka taɓa jin an yi haka a garin nan? Gobe a ce gidan su Habu sun tone ɗan'uwansu sun sayar wa Nasara."

Na kwashe duk bayanin Majo na zuba masa, kaki da wuƙa da kunyoyin gero. Ya saurara har ƙarshe, mutum ne mai kirki. Ya ce, "Mamman na gan shi da idona yana shan kunu. Cuta da magani na Allah ne." Na ce haka ne. Na ƙara rungume jakata. Rana tana yin ƙasa, kamyo kuwa ba ya jiran kowa.

Sai muka ji murya daga bayan zana. "Habu, shigo da baƙon nan."

Mahaifiyarsu ce, kowa Inna yake ce mata. 'Yar ƙaramar tsohuwa, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, idonta ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama hannuna ta juya shi, ta ga shuɗin da ke gindin farcena.

"Ɗan marina ne kai?"

"Eh, Inna."

"To ku ba ku sayen baban rini sai kun gwada. Na ji duk abin da ka ce. Tambaya ɗaya zan yi maka, kada ka yi mini maganar asibiti. In an bar shi a ƙasa, ɗana zai iya mutuwa?"

"Zai iya, Inna. Zai iya kuma rayuwa. Ba mu sani ba, sanin muke nema."

Ta juya wajen Malam Habu. "Da abin nan na haife shi. Ni na binne cibiyarsa a gidan nan, ba kai ba. Ɗauko fartanya."

"Inna, mutane..."

"Mutane su haifi nasu."

Sannan ta ƙara riƙe hannuna, da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. "Amma aro na ba ka. In sun gama dubawa, abin da ya rage ka dawo mini da shi in mayar inda yake. Ka yi alkawari?"

Ban san ko ana dawowa da shi ba. Ban tambayi Majo ba. Malam Habu na tsaye da fartanya yana kallon bakina. Na ce, "Na yi alkawari, Inna."

A bayan rumbu ne, gindin wata kurna, zurfin kamu ɗaya da rabi. Da muka kusa sai na ce a ajiye fartanya, na ci gaba da yatsu. Gara ta ci gefen ƙyallen, ninki biyu, amma ba ta taɓa naman ba, warin formol ya kore ta. Na kaɗe rairayin a hankali, na duba gindin yana nan, zaren da Likita ya ɗaure bai ko motsa ba. Na sa shi a kwalba na toshe. Da gudu na iske kamyo ya riga ya tayar, da ƙyar na hau.

Da Likita ya dawo daga Damagaram ya duba, ya ce naman zai yi. Ya rubuta a takardar cewa naman ya kwana a ƙasa, don kada masu dubawa su ruɗe. Aka naɗe kwalbar da auduga a cikin gwangwani, motar wasiƙu ta tafi da ita. Aka sallami Mamman ya koma gida, ya warke sarai.

Daga nan sai jira. Duk ranar da motar wasiƙu za ta shigo ina bakin gidan waya tun kafin ta iso. Mai rabon wasiƙu har ya daina amsa gaisuwata, daga nesa yake kaɗa mini hannu, babu. Na ƙona majinar mutum biyu a makonnin nan, abin da ban yi ba tun ina koyo. Zulai ta ce, "Malam, tabarmar nan ƙaya gare ta ne?" Sati bakwai. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ƙasa ta yi kore karon farko cikin shekaru, ni ban ko lura ba sai da aka faɗa mini.

Ranar da takardar ta zo, Likita ya karanta, ya miƙa wa Majo, Majo ya dube ni. Ya ce, "Sankara ce, irin mai yauƙi. Ta soma, kuma ta kai gindin. Sai an sake aiki, a Damagaram, ba da jinkiri ba." Bai ce in tafi ba. Na riga na ɗauki jaka.

A gona na sami Mamman, yana noman farko, gumi har ƙugu. Ya gan ni ya yi dariya. "A'a, mai tonon rami! Yau kuma me za a tono?"

Na gaya masa. Ya ɗaga riga ya buga cikinsa. "Dubi nan. Ni da ke cin tuwo kwano biyu? Shekara nawa muna jiran ruwan nan, yanzu ya zo ka ce in bar gero a cikin ciyawa in je in kwanta a yanka ni? Bari sai kaka."

"Likita ya ce ba ta jiran kaka."

"Takarda ce ta faɗa. Takardar ta taɓa ganina?"

"Ta ga abin da ke cikinka, wanda kai ba ka gani ba."

Ya juya ya ci gaba da noma. Ina biye da shi kunya bayan kunya ina magana, shi yana ta sara. Wanda ya tsayar da shi Malam Habu ne, da ke noma a gefe yana ji. Ya taho ya karɓe hauyar daga hannunsa.

"Mamman, ni na ƙi a tono abin nan. An tono, na sha maganar mutane wata biyu. Ba za a ce mun buɗe ƙasa a banza ba. Gonarka ni zan nome ta kafin tawa. Wuce ka yi wanka."

Aka yi masa aiki a Damagaram, aka yanke yankin da ake tsoro. Ya sha wuya, ya rame har sai da aka riƙa ɗaga shi, bai ga girbin shekarar ba sai a rumbu. Amma ya tashi. Na ci goron auren 'ya'yansa uku, kuma duk kaka sai ya aiko mini da damin gero har ƙarfinsa ya ƙare. Ni kuma tun daga ranar, duk abin da aka cire daga jikin mutum sai na tsaya a gaban Likita na tambaya da bakina, "Wannan na ƙasa ne ko na tafiya?" Har sababbin likitoci suka san ni da tambayar.

Saura alkawari. Da na tambayi Majo yaushe za a dawo da ragowar, sai ya dube ni kamar na yi hauka. Ya ce yana can cikin kaki, a aljihun wani kabad, da lamba a jikinsa, ba a dawowa da shi, ko ɗan sarki ne. Na sa ya rubuta musu wasiƙa. Ba amsa. Na sa ya sake.

Inna kuwa ba ta manta ba. Duk wanda zai zo Magariya daga Guci sai ta ba shi saƙo: a gaida ɗan marina, a ce ina ajiyata? Malam Habu ya ce mini ta hana a cike ramin nan na gindin kurna, ta kife masa tsohuwar ƙwarya don kada rairayi ya rufe shi. Shekara uku ina aika mata cewa yana hanya. A ta huɗu ta rasu, ƙwaryar na kife.

To ga ta nan, ku da kuka yi karatu mai zurfi. Ɗanta ya rayu, ni kuma na saɓa wa tsohuwa alkawari, kuma da ban yi shi ba da fartanyar nan ba ta taɓa ƙasa ba. Da kai ne durƙushe a gabanta, ta riƙe hannunka, kamyo na shirin tashi, ta ce ka yi alkawari, me za ka ce mata?